Ganyen da Iya Malli Ta Tsinke

Mutumin da ya fara yi mini magana a ƙasar Indiya, shi ne ya fara cutata. Na sauko daga jirgin ƙasa a wani gari da ke gindin tsaunukan kudu, ina jan akwati, ƙaramar jaka a kafaɗa, sai ga wani bawan Allah fes da shi, riga ta sha guga, alƙalami a aljihu. Ya ambaci sunan cibiyar binciken shayin da zan je, ya ce shi aka turo ya tarye ni. Sai daga baya na gane a jikin akwatin ya karanta sunan, don ni da hannuna na manna shi da manyan haruffa wai kada kayana su ɓata. Ya karɓi akwatin cikin ladabi, ya ce in tsaya a inuwar nan ya je ya kawo mota. Har yau yana kawo motar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni ɗan tasha ne. A tashar motar Kontagora na tashi, a bayan teburin shayin mahaifina, wanda direbobin Zuru da na Yawuri ke kira Sarkin Buta. Na sha ganin an yi wa baƙo irin wannan, har mu riƙa yi masa dariya. Ga shi yau an yi wa ɗan Sarkin Buta, mai digiri biyu a ilimin tsirrai, tun bai sha ruwan ƙasar ba. Rigunan sanyina suna cikin akwatin, da bargon da Inna ta ba ni, da yaji, da kuka, da busasshiyar kuɓewa. Takarduna ne kawai suka tsira, su da wayata, don suna cikin jakar kafaɗa.

Ina nan tsaye ina zagin kaina, sai idona ya faɗa kan wani mai shayi a bakin titi. Ya ɗaga kofi ɗaya sama, ya yi ƙasa da ɗayan, ya sheƙo shayin dogo, ya mayar, ya sake sheƙowa, ko ɗigo bai zuba ba. Sak yadda Baba ke yi. Wallahi sai da na juya na fuskanci bango, don kada a ga ƙato yana hawaye da rana tsaka. Mai shayin nan shi ya kama hannuna ya kai ni bakin motar da ke hawa tsauni, ya yi wa kwandasta bayani da yarensu, ya koma kan butarsa.

Motar ta yi ta murɗawa tana hawa har kunnuwana suka toshe. Can sama na fara ganinsa. Tun ina ƙarami nake wanke kofin shayi, amma ban taɓa ganin itacensa ba, ko Mambila da ake nomansa a ƙasarmu ban taɓa takawa ba. Ashe ɗan guntun itace ne iya ƙugu, an aske kansa sumul, an jera shi tsauni bayan tsauni har inda ido ya ƙare. Mata na tafe a cikinsa da kwanduna a baya, hannuwansu na ta motsi. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena Habu, na ce ya nuna wa Baba. Amsar da ta dawo ita ce, Baba ya ce wannan ai shingen gidan Turawa ne, in daina yi masa wasa da hankali.

Na isa cibiyar cikin yayyafi da hazo, sanye da 'yar shara ta shadda, haƙorana na haɗuwa. Aka nuna mini ɗakina, aka ba ni mabuɗi, kowa ya kama gabansa. Kashegari da safe ina rakuɓe a bakin ɗakin gilashin da ake rainon tsirrai, ina neman inda rana za ta taɓa ni, sai wata tsohuwa 'yar siririya ta fito da butar ban ruwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wata magana mai kama da faɗa, ta ajiye butar ta tafi. Ba a jima ba ta dawo da wata tsohuwar rigar ulu ruwan ƙasa, ta cusa mini a hannu. Na yi ƙoƙarin ƙi. Ta zare mini ido irin yadda Inna ke yi, na sa rigar ba shiri.

Sunanta Malli. Ni na ƙara mata Iya, ita kuma ta riƙa kirana Tambi, wato ƙane a yarensu na Tamil. Ta tsufa a tsinkar shayi, da bayanta ya gaza ɗaukar kwando aka dawo da ita ban ruwa da shara a ɗakin gilashi. Rigar ta mijinta ce, wanda ya rasu. Ba ta jin Turanci sai kalmomi kaɗan, ni kuma Tamil ɗina bai wuce gaisuwa ba. Da hannu da kai muka yi ta hira har na bar ƙasar.

Aikin da ya kai ni kuwa, ga shi a taƙaice. Akwai wata cuta da ke kama ganyen shayi a tsaunukan nan, irin ta fumfuna ce. Idan damina ta zauna, hazo ya rufe rana, sai ta sauka a kan ɗanyen toho, wanda shi ne ake tsinka a sayar. Takan fara da ɗan ɗigo mai haske, sai ya kumbura ya zama bororo fari, ganyen ya nannaɗe ya yi baƙi. Maganinta feshi ne. Duk damina za ka ga maza da tanki a baya suna bin layi cikin ruwan sama, su fesa, ruwa ya wanke, su sake fesawa. Mijin Iya Malli aikin da ya yi ke nan har ya kwanta.

Mu kuma so muke itacen ya kare kansa. Akwai wasu tsirrai da ke da ƙwayar halittar da ke sa ganyensu ya fitar da wani sinadari mai cin bangon fumfuna. Sai mu ciro ƙwayar, mu ɗora wa wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa wadda ta iya kutsawa jikin tsiro, ta zama 'yar aikenmu, ta kai saƙon cikin ɗan tsokar shayi da bai fi ƙwayar gero ba. Daga wannan ɗan tsoka za a raini itace guda a cikin kwalba. A baki abin da sauƙi. Amma shayi taurin kai ne da shi fiye da Babana. Abin nan da ke ba shi ɗaci da launi a kofi, shi ne ke kashe 'yar aiken tun ba ta isar da saƙo ba. Ka zo da safe ka tarar da kwalaben da ka yi wata kana lallaɓawa sun yi baƙi kamar shayin da ya kwana a buta. Ka zubar, ka wanke, ka sake.

Shugabarmu wata farfesa ce da kowa ke kira Madam, gajeruwa, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma zalunci. Ranar farko ta karanta mini doka: duk tsiron da aka sauya wa halitta, ko ganyensa ɗaya ba ya fita daga ɗakin gilashi. Abin da ya faɗi ƙasa ma sai an dafa shi a tukunyar tururi kafin a zubar. Na ce mata na ji, amma sai na tuna maganar da ke tsakanina da Baba.

Baba yana da ciwon suga, ƙafafunsa kuma na kumbura. Tun kafin in taho likita ya ce masa tsayuwar nan ta safe da yamma a bakin buta ta isa haka, ya zauna, ya bar wa Habu tebur. Shi kuwa a gaban direbobi da 'yan acaɓa ya yanke magana: ba zai miƙa wa kowa kofunan sheƙa ba sai ɗansa ya gama karatun shayi, ya kawo masa ganye daga inda ake shuka shi, ya dafa da hannunsa. Wanda ya san Baba ya san an gama. Shi kuma a ganinsa mai shayi ba ya dafa shayi a zaune, wannan aikin masu sayar da goro ne. Saboda haka duk ranar da na ƙara a tsaunin nan, Baba ne ke biyanta da tsayuwa a kan ƙafafun nan.

Na kira shi na gaya masa dokar Madam.

"Wato ganyen naku ɗan kurkuku ne?" in ji shi.

"Kusan haka ne, Baba."

"To ka kawo mini na maƙwabtansa da ke waje. Ni dai ka gama ka dawo, Likitan Ganye."

"Baba, ƙafar fa?"

"Tana gaishe ka. Kai, Habu, ƙwai nawa mutumin nan ya ce?"

Haka hirarmu take ƙarewa kullum, da hayaniyar tasha a bayansa, wani na ciniki da Kambarci, wani na kiran fasinjan Rijau. In na kashe wayar sai shirun tsaunin ya dawo mini, ba abin da kake ji sai ɗigar ruwa daga rufi. Kewar gida ta fi damuna a lokacin cin abinci. Shinkafa safe, shinkafa rana, da miya mai tsami. Na taɓa yin mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na farka ina haushin ɓarawon akwatina sabo fil. A kasuwa yara kan bi ni suna kallo, wani ya taɓa fatar hannuna ya duba yatsansa. Da farko ina faɗa, daga baya na gaji na riƙa miƙa musu hannun da kaina.

A shekara ta uku Allah ya dube ni. Wasu 'yan tsirrai suka rayu, suka yi saiwa, suka fita daga kwalba suka koma tukwane. Gwaji ya nuna saƙon ya shiga jikinsu. Saura abu ɗaya: a sa musu cutar da gangan, a ga ko za su jure. Aka jera su a gefe ɗaya, a ɗaya gefen aka jera 'yan'uwansu da ba a taɓa halittarsu ba. Waɗannan na biyun aikinsu ke nan su kamu, su lalace, don a sami abin da za a auna na farkon da shi. In ba a ga ciwon wannan ba, ba za a san lafiyar wancan ba.

Wahalar ita ce, fumfunar nan ba ta yarda a ajiye ta a kwalba. Sai a kan ganye mai rai take rayuwa. Dole a jira damina, a ɗebo ta sabuwa daga gonaki, a shafa wa ɗanyen toho. In damina ta wuce, sai wata shekara. Muka ɗebo, muka shafa, muka rufe ɗakin da raɓa. Bayan kwanaki ɗigo ya fara fitowa. Ban taɓa murnar ganin cuta ba sai ranar. Na kira Baba na ce masa ya fara yi wa Habu bitar sheƙa shayi, in sha Allahu kafin rani ina gida.

Ana cikin haka takardar izinin zamana ta kusa ƙarewa, dole in sauka babban birni in sabunta. Na yi lissafi, na ga zan je in dawo daidai lokacin da bororon zai nuna, a ƙirga. A ofishin baƙi aka yi ta juya ni, wannan ya ce hoto bai yi ba, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi biki. Kwana biyun da na yi niyya suka zama mako.

Ina sauka daga mota ko ɗaki ban shiga ba, na wuce ɗakin gilashi. Iya Malli na bakin ƙofa, fuskarta cike da murna. Ta ja hannun rigata, ta buɗe ƙofa, ta nuna mini da hannu biyu kamar mai nuna ɗakin da ta share wa baƙo.

Tsirran sun yi tas. Babu ganye ɗaya mai ɗigo, babu mai bororo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, na hagu da na dama, ta tsinke duk tohon da ya kamu. Ta kuma bi doka, don ta kai ganyen tukunyar tururi an dafe shi. Ba abin ƙirgawa, ba abin aunawa, ko hoton kirki ban ɗauka ba kafin in tafi. Kuma damina ta fara janyewa.

"Tambi," in ji ta, tana shafa ƙirjinta, tana haɗa 'yan kalmomin Turancin da ta sani. "Ciwo. Babu. Ni."

Na daka mata tsawa da Hausa. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai san muryata ta cika ɗakin. Murnar ta zube daga fuskarta. Ta dubi tsirran, ta dube ni, ta ɓoye hannuwanta a cikin gefen zanenta. Na fita na zauna a kan dutse.

Ina nan zaune hankalina ya tafi garin Beri, gonar kakannina na wajen uwa. Idan Inna na tafiya a cikin wake, ko hira take yi, hannunta ba ya wuce ganye mai ciwo, sai ta tsinke ta jefar ba tare da ta duba ba. Da Inna aka bar wa ɗakin nan, abin da za ta yi ke nan. Wace ce za ta kwashe rayuwarta tana gudun cutar nan, ta ga ta kama 'ya'yan itacen yaron da ke sanye da rigar mijinta, yaron kuma ba ya nan, ta naɗe hannu? An rubuta a ƙofa kada a taɓa, amma da Turanci. An gaya mata ta ba da ruwa, ta share ƙasa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata a duniya akwai inda ake son ganye ya yi ciwo.

Fahimta daban, mafita daban. Dokar cibiyar a fili take: leburan da ya ɓata gwaji, kora ce. Kuma a gonakin nan ɗakin kwana na tare da aiki, ranar da aka sallame ka ranar za ka kwashe tukwanenka. Idan na kai rahoto cewa ma'aikaciya ce ta ɓata aikin, akwai hanyar da za a karɓi abin da na tara a baya a sallame ni da digirina, tunda ba daga gare ni ba ne. Idan ban ambaci kowa ba, gwajina ne ya faɗi, sai in jira wata damina. Shekara guda cur ta tsayuwar Baba.

Na kira shi da la'asar ɗinsu, lokacin da tasha ke ɗan lafawa. Na kwashe komai na gaya masa. Sai ya jefo mini tambaya.

"Matar nan, don ta cuce ka ta tsinke?"

"A'a, Baba. Gani take taimakona ta yi."

"Ita ce mai rigar sanyin?"

"Ita ce."

"In an kore ta, tana da wurin zuwa?"

"Ban ga alama ba."

"To me kake tambayata?"

"Baba, ƙafarka nake ji. Ko dai ka haƙura ka zauna, in ya so in na dawo ka dafa ganyen."

"Kai, rufe mini baki. Na yi magana a gaban mutane. Ƙafar nan tawa ce, ba taka ba, kada ka kuskura ka sa ta a ciniki. Ka kai ƙarar tsohuwa ka dawo mini da takarda, in dafa me? Yi zamanka."

Na ji haushinsa ƙwarai. Dattijo da ciwo a jiki, ya ɗaure kansa da maganar da ba wanda zai kama shi da ita, ni kuma ya ɗaure ni tare. Amma can cikin raina na san amsar da na kira in ji ke nan.

Washegari na shiga ofishin Madam na ce gwaji ya lalace, ganyen da za a auna babu shi. Ta tashi muka je ta gani da idonta. Ta ɗaga wani reshe ta duba inda aka tsinke. Tsinka ce mai tsabta, a daidai gaɓa, irin wadda ba hannun ɗalibi ba ne zai iya ta.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaye ni.

"Madam, gwajina ne, ni na tafi na bar shi. A rubuta bai yi ba."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Ka san abin da kake jawo wa kanka? Wata damina. Tallafin karatunka kuma ba zai kai can ba."

"Na sani."

Ta sake duban reshen, ta ce, "To. Gwaji bai yi ba." Har ta kai ƙofa ta juyo ta ƙara da cewa, "A sake rubuta allon ƙofar nan da Tamil."

Shekarar nan ta ba ni wuya. Na bar ɗakin cibiya na koma wani ɗan akurki a bayan shagon tela, ina wanke kwalaben wasu ɗalibai don in sami na abinci. Iya Malli ta yi makonni ba ta haɗa ido da ni. Sai dai kullum da rana in tarar da 'yar kula a bakin tagar ɗakin gwaji, shinkafa da miyar wake, wani lokaci da soyayyen kifi. Na nemi wani abokin aiki mai jin yaren, muka je na ba ta haƙurin tsawar da na yi mata, na kuma yi mata bayanin aikin tun daga tushe. Ta saurara da kyau. Sannan ta yi tambaya biyu, ya fassara mini. Ta farko, in itacen nan ya yi nasara, za a daina goya wa maza tankin feshi cikin ruwa? Na ce abin da muke fata ke nan. Ta biyu, in an daina, masu feshin me za su ci? Har yanzu ina neman amsar wannan tambayar.

Daga gida kuwa, duk sanda na tambayi Habu lafiyar Baba sai ya ce da sauƙi, ya yi sauri ya kawo labarin tsadar madara. Akwai wani lokaci da aka yi kusan wata Baba bai ɗauki waya a tasha ba, aka ce mini zazzaɓi ne. Da ya dawo, muryarsa na nan da tsiwarta, sai na kwantar da hankalina, don ina son in kwantar.

Damina ta zagayo. Muka sake ɗebo cutar, muka shafa. Wannan karon ko sau ɗaya ban sauka daga tsaunin ba. Iya Malli ta riƙa shigowa ban ruwa da hannu ɗaya, ɗayan ta naɗe shi a gefen zane ta danne a bayanta. Tana wuce masu bororo tana kau da kai, bakinta na motsi. Rannan na gan ta tsaye a kan wani da ya nannaɗe ya yi baƙi, hawaye na bin kumatunta, amma ba ta taɓa ba.

Sakamakon bai zama abin a buga ganga ba. Namu sun kamu su ma, sai dai kaɗan, bororon bai yi girma ba, da yawa ya bushe tun bai fashe ba. 'Yan'uwansu kuwa sun lalace. Madam ta gyaɗa kai, wanda a wurinta shi ne rawa da juyi. Ta ce tsakanin ɗakin gilashi da gona akwai shekaru na gwaji da neman izini, kuma akwai masu shan shayin da ko kusa ba sa son jin an taɓa halittarsa. Mai yiwuwa tsirran nan su tsufa a cikin gilashi. Na karɓi digirina da sanin haka.

Ranar da zan sauko, Iya Malli ta tare ni a bakin mota. Na miƙa mata rigar mijinta a wanke, ta ture hannuna. Ta ba ni wani ƙulli a tsumma. Akwai 'yan itatuwan shayi a bayan ɗakinta, da ba na kamfani ba, ita ke kula da abinta. Daga nan ta tsinko toho, ta murza da tafin hannu, ta gasa a kasko. Ta nuna ƙullin, ta nuna nesa, ta ɗaga hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar mai sheƙa shayi. Ta san labarin Baba, abokin nan nawa ya gaya mata duka.

Da hantsi motarmu ta shigo Kontagora. Ban bi ta gida ba. Tun daga bakin tasha 'yan acaɓa suka fara ihu, "Ga Likitan Ganye!" Baba na tsaye a bayan tebur, ya rame, ya dafa katako da hannu ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ce in tashi ba, hannu kawai ya miƙo.

"Ina saƙona?"

Na ba shi ƙullin. Ya kwance, ya shinshina, ya murza kaɗan a yatsa. Ya sa Habu ya ɗauraye ƙaramar buta, ya dafa shi shi kaɗai, ba citta, ba kanumfari. Mutane suka taru har da masu lodi. Ya ɗaga kofi sama, ya sheƙo, ya mayar, bai zubar ba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki.

"Hannun da ya tsinke maka aiki, shi ya tsinko wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Ta iya tsinka."

Ya miƙa mini sauran. Sannan ya haɗa kofunan sheƙar nan biyu, ya ɗora su a tafin Habu, ya ce, "Ungo. Kada ka cika suga." Ya ja benci ya zauna, ya saki wani dogon numfashi. Ya sunkuya a hankali ya zare takalmin dama, wani ƙaton takalmin roba da ban san shi da shi ba.

Gaban ƙafar babu. Daga inda yatsu suke zuwa kusan tsakiya, an yanke, an ɗinke, ya warke. Na dubi Habu, ya sunkuyar da kai. Ashe wannan ne zazzaɓin.

"Baba," na ce.

"Kada ka tsaya kana kallonta haka," in ji shi. "Inda ya lalace likita ya tsinke, kamar tsohuwarka. Tana nan a ɗakinta dai ko?"

"Tana nan, Baba."

"To alhamdu lillahi. Sha shayinka kafin ya huce."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar, na sha.